Kabarin Matar Kafinta

In ka baro Jega ka nufi kudu, ka wuce Maiyama kaɗan kafin ka kai Mungadi, za ka ga wani ginshiƙin siminti a bakin titi, an shafe shi da farin fenti an kewaye shi da sarƙa. Ya fi mutum tsawo. A jikinsa akwai allon ƙarfe mai rubutun boko. Jikata ce ta karanta mini, wai a daidai nan aka fara sujadar Kirista a wannan yanki tun zamanin Turawa, ƙarƙashin jagorancin wani Bature. To ni da nake wannan magana na ga Baturen da idona. Zuwa ɗaya ya yi a kan babur, aka ba shi ruwan randarmu ya kurɓa yana yamutsa fuska, bai kai la'asar ba ya juya. Shi kuwa wurin da aka kafa ginshiƙin, a wancan zamani kududdufi ne da aka haƙi marmara, in akwai masu waƙa a cikinsa to kwaɗi ne. Amma ba ƙaryar allo ce ke ci mini rai ba, allo ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da ke ci mini rai yana can baya cikin gonarmu, inda aka binne wata mata baƙuwa, mahaifina ya yi wa mijinta alkawari a gaban jama'a cewa fartanya ba za ta taɓa wurin ba.

Ina 'yar yarinya da ta fara iya surfe lokacin da masu aikin hanya suka sauka bayan garinmu. Kafin zuwansu, abin da kunne ya sani da safe shi ne luguden mata a turmi, da kukan jigo a fadama in ana ban-ruwan albasa, da haniniyar jakunan fatake masu tafiya kasuwar Jega. Sai ga sabon sauti ya shigo: usur ɗin helima mai kula da lebura, da ƙarar diga a kan marmara, da waƙar lebura cikin harsunan da ba mu taɓa ji ba. Suka yi bukkoki a jere aka ce da wurin bariki. Iyayenmu suka ja mana kunne kada mu kuskura mu leƙa, mu kuwa duk hanyar rijiya sai ta bi da mu ta can. Aikinmu a lokacin ba ya ƙarewa, daga ɗiban ruwa sai korar tsuntsu a gero, sai tsinkar lawashi a daka a dunƙula gabu a shanya a kan zana. Hannuna ya yi shekaru yana warin albasa, ban kuma san yana yi ba don kowa haka nasa yake. Yaran yau in ka ce su ɗauko maka ruwa a randa sai sun gama danna waya, kuma su ne kullum a gajiye.

Cikin mutanen bariki akwai wani kafinta, mutumin duwatsun kudu, shi ke haɗa katakon kwalbati da kadarko. Ba wanda ya damu da sunansa na yanka, Kafinta muke ce masa har matarsa ta zama matar Kafinta. Yana jin Hausa irin ta mutanen gabas, mu yi ta dariyar yadda yake lanƙwasa harshe, shi ma ya yi ta dariyar namu. Shi kaɗai ya zo da iyali, mata da 'ya guda tsarata mai suna Rahila. Shi ne kuma babban Kiristocin barikin, 'yan kaɗan ne, ba su cika tabarma uku ba. Wata rana ya yi sallama da mahaifina a ƙofar gida, ya cire hula, ya ce suna neman inuwar da za su riƙa taruwa ranar Lahadi, domin bukkokinsu sun yi ƙanƙanta, ga shi kuma akwai wata babbar tsamiya a kusurwar gonarmu. Baba ya sosa gemu. Ina bayan zana ina ji.

"Inuwa ta Allah ta, ku zamna," in ji Baba. "Amma ka jiya da kyau, Kahinta, aro na ba kyauta ba. Ba ku dasa icce, ba ku kahwa dutsi, ba ku aza tubali bisa tubali. Ran da aikinku yaƙ ƙare ku bar min wurina awa yadda kunka ishe shi."

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ga wannan kamar rowa, alhali kuwa ita ce dokar aron ƙasa tun kakanni. Ana ba baƙo gona ya noma ya ci shekara da shekaru, ba a ce masa komai. Amma ran da ya dasa itace ko ya kafa dutse, ya ce ƙasar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba. Kafinta ya gane sarai. Gicciyensu ma na katako ya yi shi mai ƙafa, ran Lahadi ya saɓo shi a kafaɗa ya ajiye gindin tsamiya, in sun gama ya saɓa ya koma da shi bariki. Ƙararrawarsu wani tsohon wilin mota ne, shi ma ba su taɓa barinsa ya kwana rataye a reshe ba. Akwai waɗanda suka yi wa Baba surutu a gari, wai ya buɗe wa mabiya Nasara ƙofa. Ya ce da su, "Su da Mahaliccinsu. Ni inuwa ɗai nib ba su." Daga nan bai ƙara tanka kowa ba.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar Lahadin nan. A buga wili, sautin ya ratsa karan dawa ya iso tsakar gidanmu, sai waƙa ta biyo baya, siririya, muryar matar Kafinta a sama, ta maza a ƙasa tana bin ta. Inna tana tankaɗe takan ce, "Mutanen ga ba su gajiya da waƙa? A haihu waƙa, a mutu waƙa, ni ban san sa'ad da suka roƙon Allah ba." Tana faɗi tana dariya, kuma ita ce za ta aike ni da ƙwaryar fura in kai musu in sun tashi. Matar Kafinta ta rama da wani tuwon acca da Inna ke cewa ba ya riƙe ciki, amma ba ta taɓa ragewa ba. Ni da Rahila kuwa muka ƙulle. Na koya mata ɗaukar tulu ba gammo, ta koya mini kitso irin nasu wanda ya sa na sha duka a gida. In ladan ya kira salla ta yi shiru har in idar, in an buga wilinsu ni ma in bar ta ta tafi. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, kuma ba a taɓa kiran taro a kansa ba. Yanzu da kowane ɓangare ya sayi lasifika, sai an tara manya a zauren hakimi kafin maƙwabci ya gai da maƙwabci.

Abin ya faru ne tsakiyar wata damina mai ruwa. Matar Kafinta na da tsohon ciki, naƙuda ta zo mata da gardama. Rafi ya kawo, kadarkon da mijinta ya haɗa da hannunsa ruwa ya tafi da shi, babu hanyar kai ta Jega wurin likita. Inna da ungozomar garinmu suka shiga bukkar tun sassafe, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi aka ji kukan jariri, namiji. Kafin azahar jini ya ƙi tsayawa, uwar ta cika. Ni ce na riƙe Rahila a ƙofar bukkar, tana fizgewa tana cizon hannuna, ban sake ta ba har ƙarfinta ya ƙare. Wannan ce gawa ta farko da na sani a rayuwata, kuma tun daga ranar ban ƙara jin kaina yarinya ba.

Sai maganar binnewa ta taso. Babu maƙabartar Kirista ko'ina kusa, ga hanya a yanke. Aka je wurin liman, ya ce ba za a yi mata salla ba kuma ba za ta shiga maƙabartar Musulmi ba, wannan a fili yake, amma 'yar Adam ce, barin ta a ƙasa zunubi ne a kan garin duka. Babu wata mace Kirista a barikin ban da Rahila, don haka Inna ce ta yi mata wanka, ta naɗe ta da farin alawayyon da ta ajiye wa kanta don likkafani. Kafinta ya zauna cikin yayyafi ya haɗa akwati da katakon kwalbati. Ba mu taɓa ganin an sa mamaci cikin akwati ba, dattawa suna kallo suna girgiza kai, amma ba wanda ya hana shi. Wannan bugun guduma, a hankali, yana yi yana tsayawa, ya fi kowane kuka da na taɓa ji. Baba ya ɗauki fartanya ya je gabas da tsamiya, kusa da wani suri, ya sare dawarsa da ta fara fitar da kai, ya ce a haƙa a nan. Samarin garinmu da leburan bariki suka haƙa tare.

Da aka mayar da ƙasa, Kiristocin suka yi waƙarsu ba muryar sama, sai Kafinta ya ɗauko gicciyen nan, ya fiƙe gindinsa, zai kafa wajen kai. Baba ya riƙe masa hannu. Na ga fuskar mutumin ta canza, na zaci za a yi faɗa a kan kabari.

"Kahinta, wanga ɗai na ba ni iya bari," in ji Baba. "In kak kahwa shi, bayan raina ɗiyana da ɗiyanka sai sun yi shari'a bisa wurin ga. Bar min ita. Ni ka tsaron ta. Muddin akwai jinina garin ga, kalmen noma ba shi taɓa nan, dabba ba ta taka nan. Jama'a ku shaida."

Kafinta ya dubi kabarin. Sa'an nan ya ce, "Na yarda, Maigida. Na bar ta a hannunka." Ya mayar da gicciyen kafaɗa. A ranar kafin magariba Baba ya saro ƙayar magarya da sarƙaƙiya ya kewaye wurin da shinge. Na sha cewa a raina, da ya bari an kafa katakon nan, ko da ya ruɓe wani zai maye gurbinsa da wani. Allah ya jiƙan Baba, ya san ƙasa ya san shari'arta, amma ya yarda da jininsa fiye da yadda ya kamata.

Jaririn kuwa Inna ta ɗauko shi. Tana goyon ƙanena Umaru a lokacin, ta aza wannan a dama wancan a hagu. Ubansa ya raɗa masa suna irin nasu, mu kuwa Anaruwa muke ce masa don cikin ruwa aka haife shi. Liman ya ce tunda nono guda suka sha, shi da Umaru 'yan'uwa ne, ni kuma yayarsa ce har abada, ko ya zama me. Ni na yi ta goyonsa, ya tsula mini fitsari a baya ba adadi. Ya fara tafiya yana kama zanena lokacin da aikin hanya ya matsa gaba wajen Koko, aka tashi bariki. Suka hau bayan wata babbar mota, Rahila na rungume da shi yana miƙo hannu yana kiran Inna. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Inna ba ta ƙara ganin ko ɗayansu ba, kuma suka bar gindin tsamiya ko ƙusa babu.

Shingen kuwa ya zama aikin gidanmu. Kowace shekara in an gama girbi, kafin a saki dabbobi cikin kara, Baba zai saro sabuwar ƙaya mu jawo masa. Ciyawa ta yi tsawo a ciki, zabi su yi ƙwai, ba yaron da ke zura hannu. Garin duka ya san wurin da Shingen Baƙuwa. Na yi aure a Jega na yi zamana, Baba ya rasu, Umaru ya ci gaba ba tare da an tuna masa ba. Da mijina ya rasu na dawo gida, na tarar duniya ta sake. Gonar da mutum ɗaya ke nomawa an raba ta gado har ta koma kamar tabarmi. Jigo ya ɓace, inji ya shigo, albasa ta zama ita ce sarauniya, manyan motoci na lodi a Aliero suna yin kudu da ita. Ƙasar da a da ake ba baƙo aro don ta yi yawa, yanzu wa da ƙane na zuwa gaban alƙali a kan kunya guda. Da Umaru ya bi Baba, gona ta koma hannun babban ɗansa Sahabi. Ba mugun yaro ba ne, ina faɗi don kada a ce na zalunce shi. Yana gyara shingen, amma sai na yi ta mita, kuma kowace shekara ina lura shingen na ƙara tsukewa.

Ana nan sai ga wata farar mota a ƙofar gida, maza cikin kwat da wata mata mai babbar hula. Suka gaishe ni da ladabi, suka ce daga majami'ar su Anaruwa suke, can wajen Filato. Da na ji sunan sai na tambaye su ko yana raye. Suka ce yana raye, ya tsufa, ƙafa ta hana shi tafiya mai nisa. Rahila ta rasu, amma kafin ta rasu ta kwatanta masa garin da tsamiyar, shi ne ya roƙi majami'arsu ta taimaka a nemo kabarin uwarsa. Su kuma da suka bincika suka ga ai nan ne wurin sujada na farko a yankin duka, bai kamata a tsaya kan kabari ɗaya ba, babban abin tunawa za a gina. Na yi murna, wallahi na yi murna, da kaina na kai su har gindin tsamiya na nuna musu shingen. Ban san sun zo da safiyo ba. Muna cikin hira mutumin ya auna nan ya auna can, ya haƙa ramuka ya dasa tubalan siminti kewaye da tsamiyar da shingen, wai don kada awo ya ɓace kafin su dawo a yi magana. Ba su tambayi mai gona ba. Ba mugunta suka yi niyya ba, na sani, amma mutanen da suka yi karatu har suka gano inda aka yi waƙa kafin a haife su, sun kasa tambayar ko yaro ne me kafa dutse a gonar wani yake nufi a ƙasar nan.

Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka, wai Sahabi ya sayar da gonar gado za a gina coci. A masallaci wanda ke gefensa ya matsa. Masu ba da shawara kuwa, waɗanda ba a rasa su, suka ce masa duk inda tubalin safiyo ya shiga ƙasa ba ta dawowa, mutanen nan suna da lauyoyi, gobe zai ga an zagaye rabin fadamarsa da waya. Ya shigo ɗakina ido ja.

"Goggo, kin ga abin da alherin kakanmu yaj jawo muna?"

Na ce, "Hidda duwatsunsu ka aje musu bakin hanya, wanga hakkinka na. Amma shingen kak ka taɓa shi."

"Shingen shi na shedarsu, Goggo. In babu shinge, mi za su gwada ma alƙali?"

"Kai Sahabi, ka san wa ak kwance nan? Ɗanta da ubanka nono guda sunka sha. Kakanka ya rantse gaban jama'a."

"Waɗanda sunka shaida dut sun mutu. Ni ad da ɗiyan da za su ci gobe."

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Na ce masa in ya taɓa wurin kada ya tsaya a kan gawata. Ya sunkuyar da kai ya ce to, ya ji, zai jira su dawo a yi magana gaban hakimi. Na yarda da shi domin ni na yi masa wankan jariri. A kwanakin nan jikata ta haihu a Aliero, haihuwar fari, aka zo aka ɗauke ni in zauna mata wankan jego. Na tafi hankalina kwance.

Ran da na dawo, tun daga kan babur na ga sararin sama inda bai kamata a ga sarari ba. Babu tsamiya. An sare ta, masu gawayi sun ƙone rassan, an tono kututturen har saiwa. An kawo tarakta ta baje surin ta baje shingen ta daidaita wurin da sauran fadama, an ja fangali an dasa albasa, har ta kama. Na zauna a ƙasa a bakin gonar kamar wadda aka yi wa rasuwa, kuma rasuwar aka yi mini. Da mutanen farar mota suka dawo, Sahabi da wasu dattawa, waɗanda tun suna yara ake hana su zura hannu a Shingen Baƙuwa, suka ce su ba su taɓa jin an binne kowa a nan ba, tsohuwa ce ta rikice. Baƙin ba su ja ba. Sun riga sun tara abin gini kuma sun sa ranar buki, sai suka nemi fili a bakin titi wurin wani, inda tsohon kududdufin nan yake da aka cike, suka ce nan ma ya fi, masu wucewa za su gani. Kabarin da aka aiko su nema ba su ƙara tambayarsa ba.

Ranar buɗe ginshiƙin an kafa rumfuna, ga 'yan sanda, ga mawaƙa cikin riguna iri ɗaya, lasifika na girgiza bangon ɗakina. Na ji ana ta jawabi, ana ambaton Baturen nan da jarumtakarsa. Na kasa kunne ko za a ce Kafinta, ko a ce matarsa, ko a ce akwai wani manomi da ya ba da inuwa. Ban ji ba. Ban fita ba, na ce ƙafata ke ciwo. Bayan la'asar da hayaniya ta lafa sai aka ce ana sallama da ni. Na fito zaure na ga wani tsoho da sanda, kai fari fat, wani saurayi na riƙe da shi. Ya dube ni, ya ce, "Yaya?" Ban san sa'ad da na kama kansa ba. Yaron da na goya ya zama tsoho, ni ban ga tsakiyar ba.

Ya sha ruwa, muka yi kukan Inna da na Rahila da na Umaru. Sa'an nan ya ce, "Yaya, sun ce mini wurin ya ɓace, amma na ce in dai kina raye bai ɓace ba. Ni ba gini nake so ba, ban taɓa cewa a yi gini ba. Ki kai ni in tsaya a kanta sau ɗaya, ban taɓa gaishe ta ba."

Na yafa mayafi muka tafi a hankali, ni da sandata shi da tasa. Sahabi ya biyo mu daga nesa, da wasu samari da suka ji labari. Da muka isa ya sa aka kashe injin ban-ruwa, wannan dai ya yi. Na shiga cikin albasar da ƙarfin zuciya, domin wurin da na ja wa ƙaya tun ina yarinya, ai ko a makance na iya zuwa. Haka na zata. Sai na tsaya na ga fangali kore shar daga nan har bakin rafi, kowanne kamar ɗan'uwansa. A da daga gindin tsamiya nake fuskantar gabas in bar suri a hagu. Babu tsamiya babu suri. Hanyar ƙafa da muke bi an sake mata wuri, magudanar ruwa duk sababbi ne. Na yi gaba, na dawo, na karkata kudu, na tsaya inda zuciyata ta ce nan ne, sai na ga ai rafin ya yi kusa da yawa. Na koma baya, nan ma ba shi ba. Kowa yana kallona.

Na san zan iya nuna ko'ina. In na miƙa sanda na ce ga ta nan, zai durƙusa ya yi kukansa ya koma gida da sanyin zuciya, ba wanda zai ƙaryata ni, Sahabi ma ba zai iya ba. Na yi tunanin haka, har na ɗaga sandar. Amma mutumin nan ya yi tafiyar nan duka da ƙafa mai ciwo don ya tsaya kan uwarsa, ban ga yadda zan tsayar da shi kan albasar banza in ce ya gaishe ta ba.

Na ce, "Anaruwa, ban gane wurin ba. Tana cikin nan, wallahi tana cikin nan, amma ban gane ba."

Sai na ji muryar Sahabi a bayana, ba da ƙarfi ba, da samarin yake. "To kun dai jiya. Ita ma da tac ce ta gani da idonta ba ta san wurin ba."

Ban juya ba. Har yau ban yafe wannan maganar ba, kuma ban ga alamar zan yafe ba. Ya sare itacen, ya baje shingen, sa'an nan ya ɗauki gaskiyata ya mayar da ita shedarsa.

Anaruwa ya dogara kan sandarsa. Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya daɗe yana dubawa. Sai ya dafa kafaɗar saurayin da ke riƙe da shi, ya sunkuya da ƙyar ya cire takalmansa. Saurayin ya ce, "Baba, akwai laka fa." Ya ce, "Bari. Ban san inda take ba, kada in taka ta da takalmi." Haka ya fita daga gonar ubana, tsoho mai ciwon ƙafa, takalmi a hannu, yana aza ƙafa a hankali cikin taɓo, ni ina biye da shi. Ba mu kai bakin hanya ba na ji an tayar da injin.